Kwanon da Maikano Bai Kife Ba

Sunansa na yanka Ja'afar, amma a Riruwai in ka tambayi Ja'afar sai a yi ta kallon-kallo. Maikano aka sani. Ya zo daga Ƙofa ta ƙasar Bebeji a bayan motar gyaɗa, shekarar da aka canja fam da sule zuwa naira, yana saurayi dogo kamar gora, da tabarma da buta. Ya sauka a Barikin Ɗorawa, wani zangon leburorin kuza a gindin duwatsun garin. Duk abin da aka ɗauko sai ya ce ba haka ake yi a Kano ba, alhali sau ɗaya ya taɓa shiga birnin, shi ma rakiya. Leburori suka laƙaba masa sunan. Ya yi faɗa a kai har ya gaji, kuma faɗan ne ya sa sunan ya zauna. Mai zafin rai ne tun yana yaro, tsufa kuwa bai rage masa komai ba sai haƙora.

Sana'ar da ya koya, wadda ya ci da ita fiye da shekara hamsin, ita ce wankin kuza. Kuza ba ta fitowa daga ƙasa ita kaɗai. A cakuɗe take zuwa da laka da tsakuwa da farin yashi da baƙin ƙarfe, kuma abu ɗaya ne ya raba ta da su, wato nauyi. A kan wannan nauyin aka gina sana'ar duka. Ana zuba ƙasar da aka haƙo a kwata, doguwar hanyar ruwa mai ɗan gangara wadda aka gindaya wa katakai a ciki. A saki ruwa, mutum ya tsaya da shebur yana tura ƙasar sama, ruwa yana dawo da ita. Laka da farin yashi su bi ruwa, mai nauyi ya kwanta a bayan katako. Wanda ya kwanta shi ake ɗiba a kwano a kai bakin rafi, kuma a nan gwani yake rabuwa da lebura. Za a tsoma kwanon har ruwa ya rufe yashin, a girgiza shi hagu da dama don mai nauyi ya nutse, sannan a karkata bakinsa kaɗan a riƙa juya shi a hankali, ruwa yana zagayawa yana ɗauke na sama. In hannu ya iya, a ƙarshe sai wani baƙin zare ya miƙe a gindin kwano, kansa da kauri, bayansa siriri. Mutanen barikin wutsiya suke ce masa. Daga nan sai shanya, mata su bakace a faifai, a bi da mayen ƙarfe a tsince baƙin ƙarfen da ya maƙale. Abin da ya rage shi ne kuza.

Maikano ya iya, kuma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta. Kwanonsa irin na leburori ne, wanda ake kira kwanon sarki, gindinsa ya yi santsi yana ƙyalli saboda shekarun yashi. A bayan ƙyaure yake ajiye shi. Wanda ya taɓa shi ba da izini ba, ranar unguwa za ta ji sunayen kakanninsa.

Ƙasar Barikin Ɗorawa dutse ce. Diga ta shiga kamu ɗaya sai ta yi ƙara ta dawo. Amma a bayan barikin akwai wani babban tudu na yashi zalla, Tudun Wanki, wanda kamfanin Turawa ya tara tun zamanin farko, lokacin da ake feshe gaɓa da manyan mesa a kwashi manyan ƙwayoyin kuza a zubar da saura. Leburorin farko duk baƙi ne, ba mai gona, ba mai kushewar kakanni a kusa. Da mutuwa ta fara shigo musu, suka gwada dutse ya ƙi, sai suka hau tudun domin yana da taushi. Musulmi suka ɗauki gabas, Kirista suka ɗauki yamma, wata 'yar hanyar awaki ta raba su. Ba dutse mai rubutu. Alamar na gabas fasasshiyar tukunya, ta na yamma gicciyen itace wanda gara ke cinyewa kafin ciyawa ta bushe sau biyu.

Dattawan wancan zamani sun kafa doka ɗaya game da tudun, kuma kowane yaro a barikin ya tashi da ita a kunne: kwanon da ya shiga kabari, a kife ake wanke shi. A juya bakinsa ƙasa, a watsa masa ruwa, a buga gindinsa yashin ya zube. Ba a tsoma shi a juya. Wannan ba camfi ba ne. Dattawan sun san wankin farko na Turawa wankin gaggawa ne, kuma sun san kansu: idon mai kuza in ya ga wutsiya ba ya barci. Suka zaɓi kada kowa ya sani. Mutane ne da ba su yi makaranta ba, amma sun fi jikokinsu sanin inda mutum yake da rauni.

A tsakiyar shekarun tamanin kasuwar kuza ta faɗi, kamfani ya kulle ƙofa. Ƙararrawar safe ta yi shiru, filin ƙwallo ya koma gonar masara, kantin da ake sayar da gwangwanin kifi ran Asabar ya zama garken awaki. Mutane suka watse, wasu Jos, wasu Gombe, wasu suka koma ƙasashen da iyayensu suka baro. Maikano bai tafi ba. Ya riga ya auri Dije, 'yar Tudun Wada, mace marar magana wadda in ta riƙe faifai kuza tana tsayawa a gefe ɗaya kamar an kira ta da suna. Shi ya wanke, ita ta bakace, suka haɗa da 'yar gona suka rayu. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauko ɗan ƙanensa, Kamaluddeen, tun bai yi wayo ba. Dije ta goya shi, Maikano ya koya masa kwano da dundu da zagi, yadda shi ma aka koya masa.

Cikin waɗanda suka rage akwai Kyauta, Kirista, matar amininsa mai kula da famfon kamfani, wanda ya rasu tun kafin a rufe. Ita ma mai wankin kuza ce, da ƙwarya take yi. Tsakaninta da Maikano wasan abokin miji ne, ba sa haɗuwa a bakin rafi ba su tsokani juna ba. Ita kaɗai ce a barikin take ce masa fankon Kano a gaban jama'a ya ƙyale.

Dije ta rasu da kaka, bayan 'yar gajeriyar jinya, a shekarun nan da kuza ta sake yin daraja masu saye suka dawo. Gabashin tudun ya riga ya cika daga sama, sai aka sauko ƙasa-ƙasa, wajen yashi mafi tsufa, aka fara haƙa. Yashin da danshinsa, bango yana ruftawa, shebur ya kasa jefa shi waje. Aka aika a kawo kwanuka. Kamaluddeen ya ruga gida ya ɗauko na bayan ƙyaure, bai tambaya ba, don ranar ba ta tambaya ba ce.

Aka yi salla, aka sa ta, aka jera itace, aka rufe. Mutane suka gangaro bakin rafi wanke hannu da kayan aiki. A nan Maikano ya hango kwanonsa a hannun wani, da sauran yashin kabari a ciki. Ya fizge shi, ya tsuguna a bakin ruwa. Abin da yake tunani a lokacin shi ne ƙafar Dije, yadda ya ji ta ba nauyi sa'ad da ya karɓe ta a cikin rami. Hankalinsa yana can sama. Hannunsa kuwa, wanda tun yana saurayi bai taɓa riƙe kwano a bakin ruwa ya yi wani abu daban ba, ya tsoma, ya girgiza, ya karkata, ya fara juyawa.

Kyauta tana tsallaken rafi tare da mata. Ita ta fara gani.

"Maikano! Kife shi!"

Bai ji ba. Ta saki ƙwaryarta ta shigo ruwa har gwiwa tana ihu.

"Kife shi, kai kurma! Kife shi!"

Kafin muryar ta kai gare shi, ruwa ya gama aikinsa. Wutsiya ta kwanta a gindin kwano, baƙa ƙirin, kaurinta ya kai babban yatsa. Daga ɗan tafin yashi. Mazan da ke tsaye a kansa duk masu kuza ne, ba wanda yake buƙatar a yi masa bayani. Wani ya ce innalillahi, kuma har yau ba a san ko don mamaciyar ya faɗa ba ko don kwanon. Maikano ya duba, ya gane, ya kife shi da ƙarfi har ruwa ya fantsama masa a gemu. Da ya ɗaga kai, ya ga Kamaluddeen yana kallon wurin da baƙin ya nutse.

Aka yi zaman makoki. Masu gaisuwa suna cewa ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, idanunsu kuma suna zamewa ta saman katanga zuwa ga tudu. Sun jira sadakar arba'in, wannan kam a ba su. Bayanta kaɗan, wata safiya Maikano ya je ziyara ya tarar an ɓantare gindin tudun daga arewa, ga sawun baro har bakin hanya.

Ya bi sawun. Ya kai shi wata rumfar kwano da wani mai saye daga wajen Jos ya kafa, janareta yana ruri a bayanta. A ciki akwai injin da Maikano ya sha jin labarinsa bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ana zuba wankakken yashi busasshe a mazurari daga sama, ya gangaro kan wani faffaɗan bel, ya wuce ƙarƙashin manyan mayun ƙarfe masu aiki da wuta. Na farko ya ɗauke baƙin ƙarfe ya zubar ta baki ɗaya. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, ya janye kolombait, wani baƙin ma'adini mai kama da kuza wanda Turawan farko suke zubarwa don ba su san amfaninsa ba, yanzu kuwa shi ake rububi. Kuza, da yake maye ba ya kama ta, ta wuce abinta ta zuba a buhu daga ƙarshe. Abin da Dije take yini tana yi da faifai, injin yana gamawa kafin kunu ya huce. Mai tsaye a bakin mazurarin, da ƙyalle ɗaure a hanci, Kamaluddeen ne.

"Baffa, ina kwana. Shigo inuwa."

"Inuwar wa? Uwarka tana kwance a can, kana haƙe mata ƙafafu, kana kira na inuwa?"

"Gindin tudu muke ɗiba, Baffa. Babu kabari a nan."

"Kai ka binne su da za ka sani? Kana ina lokacin da ƙyanda ta shigo barikin nan? Har gindin aka sa yara!"

Kamaluddeen ya sauke ƙyallen. Ya gaji zafin ran, ba a jini kaɗai ba, har a tarbiyya.

"To mu ci me? Tun da na yi wayo dusar yashin da kuka riga kuka wanke muke sake wankewa. Wanda ya gaji da dusa ya shiga rami. Bara rami ya rufta da abokaina, kai ka yi musu salla, ka manta? Nan yashi a sama yake, ba igiya, ba duhu, ba wanda zai mutu. Matattu za mu ji wa tsoro ko masu rai?"

"Ɗan banza marar kunya."

"Na ji. Amma ba ni na juya kwano ba."

Leburori suka sunkuyar da kai. Maikano ya ɗaga sandarsa, sannan ya sauke ta. Ya tofa yawu a kan bel ɗin injin, ya juya ya tafi, yana zagi har gida. A gida kuwa ba mai cewa Malam sha ruwa tukuna.

Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka tara mutane a ƙofar gida, liman a dama, fasto a hagu. Su biyun suka faɗi abu ɗaya, kowa da littafinsa: ba a tone matattu don neman abinci. Amma samarin barikin sun cika filin har kan katanga, kuma mai sayen ya riga ya yi alkawarin haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse. Mai unguwa ya yi ta murza carbi, sannan ya yanke hukunci. Duk kabarin da wani ɗan'uwa ya zo ya nuna, a kewaye shi a bar shi. Inda ba wanda ya nuna, yashi ne.

Hukunci ne mai kama da adalci, kuma irinsa ya fi zalunci a fili muni. Waɗanda ke kwance a Tudun Wanki leburori ne da suka zo daga Damagaram da Barno da tsaunukan Filato da ƙasar Tibi. Jikokinsu ba su ma san akwai wani wuri mai suna Barikin Ɗorawa ba. Kowa a filin ya san haka.

"Ranka ya daɗe," in ji Maikano, "wanda ba shi da kowa, ba mutum ba ne ke nan?"

"Maikano, ka yi haƙuri. Naka ba za a taɓa ba."

"Nawa! Duk wanda ke tudun nan nawa ne! Mutumin da ya koya mini shebur yana can. Wanda ya ba ni tabarma ranar da na sauka yana can!"

"To ka nuna su."

Ruwan shekaru ya baje tudun, tukwane sun nutse, ciyawa ta rufe. Ya san suna nan. Bai san inda suke ba.

Ranar nuni, mutanen da suka hau tudun ba su kai cikin motar haya ɗaya ba. Maikano ya kafa turaku ya kewaye Dije da igiya. Yana gamawa ya hango Kyauta a yamma, tana kai da kawowa cikin ciyawa da sandarta. Alamarta wata 'yar kanya ce da ta fito kusa da kan mijinta, an sare ta an yi itace tun tuni. Ta nuna nan, ta ce a'a, ta matsa gaba ta nuna can. Samarin da ke biye da ita da turaku suka fara dariya.

"Iya, ki zaɓi ɗaya mana. Ko maza biyu kika binne?"

Maikano ya tsallaka hanyar awaki da sanda a sama, samarin suka watse. Ya tsaya kusa da ita ya ce yana jin wajen nan ne, daura da wancan dutsen, don ya tuna ranar yana tsaye rana tana dukansa ta hagu.

"Kana ji," in ji Kyauta. Ba ta dube shi ba. "Tun muna da haƙora kake mana fankama da hannun nan. Hannuna, hannuna, ba irinsa daga nan har Jos. To ga abin da hannun ya yi. Na yi maka ihu har maƙogwarona ya fashe."

"Kyauta, ban san na yi ba."

"Na sani. Da ka sani ai da na yafe maka, in ce mugu ne."

Ta sa aka kafa turaku a inda ya ce, ta sauka ita kaɗai. Daga ranar ba ta sake ce masa fankon Kano ba. In sun haɗu sai ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo.

Duk ranin nan Maikano bai taɓa kwano ba. Da an idar da sallar asuba gari ya waye sai ya hau tudu ya zauna a gefen igiyarsa, ya yini yana tsine wa duk wanda ya wuce da baro, da sunansa da na ubansa. Ba su kula shi. Wasu ma sukan kawo masa ruwa. Suka ci tudun daga arewa, suka zagayo ta gabas. Da ƙasusuwan farko suka fito, aiki ya tsaya, aka kira liman, aka tattara su a farin ƙyalle aka sa a wani rami aka yi addu'a. Na biyu ba a kira liman ba. Daga baya buhun taki aka rataye a jikin turke, wanda ya tsinci wani abu ya jefa a ciki ya ci gaba. Yashin kuwa a kai kwata, a wanke, a shanya, a ɗora wa injin.

Sun cika alkawari, ba su tsallaka igiya ba. Sun dai ci duk abin da ke kewaye da ita. Kafin bazara kabarin Dije yana tsaye shi kaɗai a kan wani ginshiƙin yashi da ya fi ɗaki tsawo, bangonsa a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Maikano sai da tsani yake hawa. Daga can sama yana hango na Kyauta a yamma, shi ma haka, da wasu 'yan kaɗan a warwatse kamar rumbuna a gonar da aka girbe.

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Maikano ya dubi sama, ya dubi bangon yashin. Rayuwarsa duka da ruwa yake kayar da gaɓa. Ya san yadda abin yake tafiya: ruwa ya ci gindi, sama ta tsage, ta zauna, ta bi gangara. Gangaran nan kuwa kwatar Kamaluddeen ta nufa. Ruwan farko mai ƙarfi zai kai Dije bayan katako tare da kuza.

Ya je wurin liman ya tambaya ko ya halatta a ɗauke ta. Liman ya ce lalura ce, Allah ya san niyya.

Ya zaɓi wuri a bayan gonarsa, ƙasa mai dutse wadda ba a taɓa ganin ƙwayar kuza a cikinta ba, ya ɗauki diga. Tsoho ne da ya haura saba'in. Yakan sara kaɗan ya zauna, ya tashi ya sara. Tafinsa ya yi bororo ya fashe. Kamaluddeen ya turo masa leburori, ya kore su da jifa. Wasu tsofaffi biyu, sauran 'yan zamanin kamfani, suka zo da ƙarfen tono suka taya shi, su ukun suna haki suna zagin zamani. Ranar da ramin ya kai, Kyauta ta wuce ta bakin gonar da itace a ka, ta tsaya ta leƙa.

"Ya yi zurfi," ta ce. "Kai kana da wadda za ka ɗauke."

Ta wuce.

Da hantsi suka yi aikin, shi da liman da tsofaffin biyu. Maikano ya hau tsani da sabon likkafani a kafaɗa. Da hannu ya tone, bai yarda ƙarfe ya shiga ba. Ya ɗaga itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tarar ba na faɗa ba ne. Ya naɗe ta, aka sauko da ita da igiya aka ɗora a makara. Sannan ya koma ya kwashe yashin da ta kwanta a kai, da na gefenta, ya cika buhuna, don ya rantse ko ƙwaya ɗaya da ta taɓa jikinta ba za ta hau bel ɗin nan ba.

A ƙasa leburori suna tsaye nesa kaɗan, sun dogara da shebur, suna jira. An kashe janareta. Kamaluddeen ya matso, idanunsa jajur.

"Baffa, bar ni in kama. Ita ta goya ni."

"Hannunka na da aiki. Koma kansa."

Tsofaffi huɗu suka ɗaga makara. Ba nauyi gare ta, amma hanyar duk ramuka ce da tsibin tsakuwa, kuma ƙafafun sun tsufa. Ba su yi nisa ba ɗaya daga cikinsu ya yi tuntuɓe ya durƙusa, makarar ta karkata. Kamaluddeen ya yi tsalle ya tare kusurwar, ya sa kafaɗa. Maikano yana riƙe da tasa kusurwar, ba halin ya saki ya kore shi. Sai ya bi shi da baki. Ya zage shi, ya zagi mai unguwa da rijiyarsa, ya zagi mai injin, ya zagi Turawan da suka tara yashin da dattawan da suka yi ƙyuyar fasa dutse, ya zagi hannunsa na dama. Liman yana cewa, "Malam Maikano, a gaban gawa muke," shi kuwa yana ci gaba, hawaye yana bin gemunsa. Ba su kai bakin rafi ba suka ji janareta ya tashi a bayansu, sannan ƙarar shebur.

A bayan gona suka sa ta, suka zazzage buhunan yashin a kanta, suka rufe. Kamaluddeen ya tsuguna aka shafa fatiha da shi. Da aka tashi ya tsaya yana jira a ce masa wani abu.

"An gode," in ji Maikano, kamar yadda ake ce wa ɗan dako. "Je ka, kada su cuce ka a awo."

Kamaluddeen ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya nufi wajen ƙarar injin. Maikano ya cire riga ya fara mirgino duwatsu daga gefen gona yana jerawa a kan kabarin, manya-manya, irin waɗanda sai mutum biyu suke ɗagawa. Liman ya ce ya isa haka. Ya ce bai isa ba.